Amsa ga mai shirin komawa Wase: ƙasar, yanayinta da yawan mutanenta

Wani malamin makaranta daga Unguwar Rogo a nan Jos ya aiko da tambaya. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Wase, kuma yana so ya tafi da iyalinsa. Yana son sanin yadda garin yake, ko sanyinsa ɗaya ne da na Jos tunda jiha ɗaya ce, da kuma ko da gaske ne mutanen garin sun kai dubu 160 kamar yadda ya gani a intanet.

Malam, Allah ya sa canjin ya zama alheri a gare ka da iyalinka. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, Wase tana cikin Jihar Filato, amma ba a kan tudun Jos take ba. A ƙasan tudun take, cikin shimfiɗaɗɗen fili mai gangarawa zuwa Kogin Binuwai. Kusan duk abin da ka tambaya, daga zafi zuwa ruwan sama zuwa yadda mutane suka zazzauna, daga nan ya samo asali. Mutane da yawa, har da 'yan Jos ɗin kansu, suna ɗauka duk jihar sanyi ne da dankalin Turawa. Alhali ƙananan hukumomi shida na shiyyar kudu, wato Langtang ta Arewa, Langtang ta Kudu, Mikang, Qua'an Pan, Shendam da Wase, mafi yawan ƙasarsu kwari ce mai zafi.

Hanyar ma za ta nuna maka. Tafiyar ta haura kilomita 200 zuwa kudu maso gabas. Za ka bi ta Barikin Ladi da Mangu ka isa Pankshin, duk kana kan tudu, iska na kaɗawa. Daga Pankshin sai gangara ta fara, ta Amper zuwa Langtang, daga nan ka karkata zuwa Wase. Ka lura da jikinka a wannan tsakanin: rigar sanyin da ka saka a tasha da asuba, kafin Langtang ka cire ta. Ka kuma lura da gonaki. A sama acca ce da dankali da kabeji da karas. A ƙasa dawa ce da gero da masara da gyaɗa da wake da riɗi, ga shinkafa a fadamu, ga kaɗanya da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsattsaye cikin gonaki.

Dalilin bambancin tsayi ne. Jos tana wajen mita 1,200 sama da bakin teku, duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura mita 1,700. Garin Wase kuwa bai kai mita 300 ba. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. To tsakanin Jos da Wase akwai kusan mita 1,000. Ke nan a rana ɗaya, a sa'a ɗaya, ana iya samun tazarar digiri 6 tsakanin garuruwan biyu. A takarda wannan ba wani abu ba ne, amma a jiki babban abu ne: shi ne bambancin wanda ya kwana cikin bargo da wanda ya fito da tabarma tsakar gida.

Lokutan shekara dai guda ne da na sauran Arewa, ƙarfinsu ne ya bambanta. Iska biyu ke musayar ƙasar. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iskar arewa maso gabas ce ke busowa daga Sahara da hazo da ƙura. A Jos wannan lokaci ne na sanyi mai shiga ƙashi, dare kan sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. A Wase ma ana hunturu, leɓe na tsagewa, da safe ana jin sanyi, amma da rana ta ɗaga sai ya watse. Wanda ya girma a Jos zai ga hunturun Wase mai sauƙi ne, kuma shi ne lokacin da garin ya fi daɗin zama.

Bazara ita ce jarrabawarka. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, hazo ya janye, gajimare bai taru ba, rana na dukan ƙasa kai tsaye. A Jos zafin rana a wannan lokaci yana wajen digiri 30 ne ko sama kaɗan, da dare kuma a sarara. A kwarin Binuwai yakan haura 35, wasu ranakun ya doshi 40, kuma daren ma ba ya sauka sosai, musamman a Afrilu idan damshin iskar kudu ya fara shigowa ya haɗu da zafin. Yara da tsofaffi su suka fi jin jiki. Lokacin sanƙarau ke nan a duk faɗin Arewa, don haka batun rigakafi da buɗe tagogi da rage cunkoso a ɗaki ba abin wasa ba ne.

Damina tana kankama a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Iskar kudu maso yamma ce ke kawo shi daga Tekun Atlantika. Jos na samun kusan milimita 1,400 a shekara, kuma tudun ne ke jawo mata wannan yawa, domin idan iska mai damshi ta ci karo da tudu dole ta hau, idan ta hau ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Wase ba ta da wannan gata. Ruwanta bai kai na Jos ba, kuma wanda ya sauka rana na saurin shanye shi. Duk da haka ya ishi dawa da masara da shinkafar fadama, shi ya sa kudancin jihar ke ciyar da arewacinta da hatsi.

Akwai wani abu game da ruwa da baƙo ba ya saurin ganewa, kuma ina so ka gane shi kafin ka kama gida. Tudun Jos mafarin koguna ne. Kogin Kaduna daga nan ya taso ya nufi Kogin Neja. Gongola ta taso ta zagaya ta faɗa Binuwai. Dilimi da ke ratsa cikin garin Jos ruwanta arewa yake nufa, wajen Tafkin Chadi. Kogin Wase da su Shemankar da Ankwe da Mada kudu suke gangarawa zuwa Binuwai. Ma'anar wannan ga mazaunin Wase ita ce, ruwan da ya faɗi a kan tuddai can sama, a ƙafarsa yake wucewa. Ana iya wuni ba a ga ɗigo ba a garin, amma da yamma rafi ya cika ya tumbatsa saboda an yi ruwa a sama. Rafin da ka tsallaka da ƙafa a Maris, yashi ne kawai, a Agusta yana iya tafiya da mota. A watan Agustan 2012 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a kudancin jihar, ta ci rayuka, ta karya gadoji, ta raba garuruwa da juna. Saboda haka idan an nuna maka gida da rani, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi da damina, ka duba gindin katanga ko akwai shaidar ruwa ya taɓa kwanciya.

Yanzu dutsen. Tun kana da nisan kilomita masu yawa za ka hango shi, shi kaɗai a tsakiyar fili kamar an kife turmi, tsayinsa wajen mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi, gefunansa a miƙe. Ba irin duwatsun Jos ba ne. Na Jos, waɗanda aka haƙi kuza a jikinsu da cikin rafukansu, wani iri ne daban. Dutsen Wase ragowar dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa ya daskare a cikin hanyar da yake bi, sannan ruwa da iska suka yi ta cinye lallausar ƙasar da ke kewaye da shi tsawon miliyoyin shekaru, mai taurin ya rage a tsaye. An san shi a duniyar masana tsuntsaye saboda yana cikin 'yan wuraren da aka samu kwasakwasa suna yin sheƙa su ƙyanƙyashe a Afirka, domin ƙololuwarsa tana da wuyar hawa ga mutum da dabba, kuma gwamnati ta keɓe kewayensa domin kare tsuntsayen. Tunda kai malami ne, ka kai ɗalibanka gindinsa ku yi darasi. Abin da yaran wasu jihohi ke gani a hoton littafi, su a bayan gidansu yake, kuma abin takaici ne yaro ya gama sakandare a Wase bai san yadda dutsen garinsu ya samu ba.

Filin da dutsen ke tsaye a kai ma yana da nasa tarihin. Kwarin Binuwai tsagewa ce da ta faru a ɓawon ƙasa fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Teku ta taɓa shigowa cikinsa ta bar laka da yashi da suka zama duwatsu masu hawa-hawa. A cikinsu ne ake samun dalma da zinki, irin waɗanda aka daɗe ana haƙa a Zurak, gabas da garin Wase. Tozalin da iyayenmu mata ke sawa, daga irin wannan dutse na dalma ake samunsa. Arziki ne, amma mai haɗari. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara saboda ana niƙa dutsen ma'adinai a cikin gidaje, darasi ne ga duk yankin da ake haƙa. Idan ka ga ɗalibinka yana zuwa wurin haƙa a lokacin hutu, ka ja kunnen iyayensa kada a shigo da dutsen ko ƙurarsa cikin gida.

Me ya sa aka kafa gari a nan? Ruwa, fili mai albarka, wurin kiwo, da dutsen da ake hangen nesa daga gindinsa kuma ake gane hanya da shi. Ƙasar asali ta Basharawa ce da Jukunawa da maƙwabtansu. Wajen 1820, a zamanin Sarkin Bauchi Yakubu, Madakin Bauchi Hasan ya kafa mulki a Wase, masarautar ta zama ƙarƙashin Bauchi. Dakarun kamfanin Turawan Ingila sun shiga garin a 1898, daga baya Turawa suka haɗa yankin da lardin Filato. Shi ya sa za ka tarar da gari mai fada da sarki da hawan sallah da tsarin sarauta irin na ƙasar Hausa a cikin jihar da mafi yawan masarautunta wani tsari gare su. Hausarka za ta kai ka ko'ina, ita ce harshen kasuwa. Amma kada ka ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne. Akwai Fulani, akwai Tarok masu yawan gaske, akwai Jukunawa, Burmawa, Basharawa, da Tibi a wajen kudu. Harshen Basharawa na asali, Yangkam, ya kusa ɓacewa, tsofaffi ƙalilan ne ke jin sa domin jama'ar sun koma Hausa. Wannan asara ce, kuma mu masu magana da Hausa ya kamata mu fi kowa jin nauyinta.

Sai tambayarka ta uku, wadda ita ce aka fi yin kuskure a kanta. Adadin da ka gani, kusan mutum dubu 160, daga ƙidayar 2006 ya fito, kuma ba na garin Wase ba ne. Na ƙaramar hukumar ce baki ɗaya, da Bashar da Lamba da Kadarko da Mavo da Zurak da ɗaruruwan ƙauyuka da rugage. Ruɗanin yana zuwa ne saboda sunan garin da na ƙaramar hukumar ɗaya ne, sai masu rubutu a intanet su ɗauki lambar su manna wa garin. Haka ake yi wa Mangu da Pankshin da Shendam da Bokkos. Hukumar Ƙidaya ta fitar da sakamakon 2006 jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, ba ta fitar da na gari-gari ba. Don haka duk wanda ya ba ka adadin mutanen cikin garin Wase har da ɗigo, ƙiyasi ya ba ka, ba ƙidaya ba. Haka kuma ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Wannan ka riƙe shi da kyau, domin za ka ji ana cewa su wane ne kashi kaza, su wane kashi kaza. Babu wata takardar ƙidayar 2006 da ta faɗi haka, kuma a yankin da ya sha wahalar rikici irin wannan lissafi na baki ba ya haifar da ɗa mai ido.

Lambar kuma ta tsufa. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023, aka ɗage. Idan ka ɗauka jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, wanda ya yi kusa da abin da ake lissafa wa Najeriya, to yawansu na ninkawa cikin shekara 23 zuwa 24. Da wannan lissafi, dubu 160 na 2006 sun kusa dubu 290 bayan shekara 20. Lissafin alli ne, bai san wanda ya yi ƙaura ya shigo ko ya fita ba, amma ya fi maimaita tsohuwar lambar kamar jiya aka ƙirga.

Abin da ya fi adadin faɗa maka gaskiyar wurin shi ne yadda mutanen suka bazu. A ƙidayar 2006 Jos ta Arewa tana da mutum fiye da dubu 400 a ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 300 ba, wato sama da mutum 1,400 a kowane murabba'in kilomita. Wase tana cikin mafi faɗin ƙasa a ƙananan hukumomi 17 na jihar, ta yi iyaka da Kanam da Langtang, ta taɓo Bauchi da Taraba, kuma a wancan lissafi mutanenta ba su kai 100 a murabba'in kilomita ba. Kai da ka saba da Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi, inda gida ke jingine da gida, za ka yi tafiya mai tsawo a kan babur tsakanin ƙauye da ƙauye ba ka ga kowa ba sai makiyayi da shanunsa. Wannan faɗi shi ya sa gwamnati ta keɓe babbar makiyaya a yankin. Shi ne kuma ya sa komai na gwamnati ke da wuyar kaiwa: makaranta ɗaya tana hidimar ƙauyuka masu nisa, mai naƙuda ana ɗaukar ta a babur ta hanyar da damina ta cinye, jami'an tsaro kaɗan suna gadin daji mai yawa. A ganina wanda ke raba malamai da ma'aikatan lafiya bisa yawan kawuna kaɗai, bai duba nisa ba, ya zalunci irin waɗannan wurare.

Yawan mutanen garin kansa ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar kasuwa ya cika ya batse, washegari ya koma yadda yake. Da rani makiyaya na gangarowa neman ruwa da ciyawa, matasa na fita ci-rani ko wurin haƙar ma'adinai, da damina a koma gona. Ma'aikata da yawa iyalansu na Jos ko Bauchi, suna zuwa Litinin su tafi Juma'a. Sannan akwai ƙaurar dole. Rikicin da ya addabi kudancin jihar tsakanin 2002 da 2004, wanda ya kai ga dokar ta-ɓaci a Mayun 2004, ya tashi ƙauyuka, ya sauya inda mutane ke zama. A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga a dazukan da ke tsakanin Wase da Kanam da iyakar Taraba sun sa mutanen ƙauye da dama sun matso cikin gari. Za ka ga alamar haka a ajinka: yara sun fi kujeru yawa, wasu sun zo a tsakiyar zango, wasu sun yi shekara ba su shiga aji ba. Ka yi haƙuri da su.

Idan kana son ƙiyasi mai ma'ana na mutanen cikin gari, akwai hanyar da ta fi intanet. Ka je sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma. Masu rigakafin shan inna suna bi gida-gida, suna da jerin unguwanni da adadin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a kowace mazaɓa. A tsarin aikinsu ana ɗaukar waɗannan yara kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, don haka ka ninka adadin sau biyar. Ka gwada abin da ka samu da rajistar masu zaɓe ta rumfunan cikin gari, da rajistar makarantun firamare. Idan ukun suka yi kusa da juna, ka samu abin dogaro. Wannan ma aiki ne mai kyau da za ka ba 'yan ajin ƙarshe su yi da kansu.

Game da iyali, ga shawarata. Idan da hali, ka fara zuwa kai kaɗai ka ga wuri, su biyo ka cikin kaka ko farkon hunturu, domin jikin yara ya saba a hankali kafin bazara ta shigo. Kada ka kawo su a Maris. Ka nemi gida mai silin da tagogi biyu masu kallon juna, da itace a tsakar gida idan an samu, domin ɗakin kwano marar silin da ake iya zama cikinsa a Jos ba ya zaunuwa a Wase da rana. Ka tambayi rijiyar gidan ko tana kaiwa Afrilu ba ta ƙafe ba. Gidan sauro wajibi ne ga kowa, ba ga jariri kaɗai ba, saboda sauro ya fi yawa a kwari, kuma zazzaɓinsa ya fi kama wanda ya taso a kan tudu.

Kudancin Filato kuma yana cikin yankunan da aka fi samun saran maciji a ƙasar nan, musamman kububuwa, a farkon damina lokacin sharar gona da kuma lokacin girbi. Kada yara su fita da dare ba takalmi ba tocila, kada a tara itace ko dami a jikin ɗakin kwana. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana mutum tafiya da ƙafa, a ɗauke shi a kai asibiti nan take. Akwai cibiyar lafiya a Zamko, cikin Langtang ta Arewa, ƙarƙashin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wadda ta shahara da maganin saran maciji. Ka san hanyarta tun makon farko, ka kuma ajiye lambar direba ko mai babur ɗaya da za ka iya tasa da tsakar dare.